Gadar 2: An Tuna da Famfo, An Manta da Sakina

Ranar 11 ga Agustan 2023 aka fara haska Gadar 2 a sinimomin Indiya, shekara 22 bayan fitowar na farko. Da yawa daga masu sharhin fina-finai a jaridun ƙasar sun yi masa kaca-kaca. Suka ce labarin tsohon yayi ne, hargagin ya yi yawa, kuma babu dalilin zaunar da mutum kusan awa uku a kansa. 'Yan kallo kuwa ko a jikinsu. A wasu garuruwan arewacin Indiya an ga manoma suna kwasar juna a tarakta zuwa sinima. Tsofaffin gidajen kallo masu allo ɗaya, waɗanda annobar korona ta kusa durƙusarwa, suka koma cika maƙil. Kafin a sauke fim ɗin ya tara sama da rupi biliyan 5 a cikin Indiya kaɗai. Sunny Deol, jarumin fim ɗin da ya fito a Tara Singh, wanda ya haura shekara sittin kuma ya daɗe rabonsa da fim mai kasuwa, ya wayi gari sunansa ne a bakin kowa.

Daga nan musu ya ɓarke, kuma har yau bai mutu ba. Ɓangare ɗaya na cewa an yi wa jama'a wayo ne, an sayar musu da abin da suka riga suka saya tun 2001. Ɗaya ɓangaren na cewa su fa ba neman sabon labari ya kai su ba. Sun je ne su ga Tara Singh da rawaninsa, su ji waƙoƙin da suka tashi da su, su yi ihu tare da ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya, kuma sun samu. Wa ya aiki masu sharhi?

Mu ma nan ba 'yan rakiya ba ne a wannan musu. Iyayenmu sun kalli fina-finan Indiya a sinimomin Kano da Kaduna da Zariya tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, har suka raɗa wa mahaifin Sunny, wato Dharmendra, suna Sarkin Ƙarfi. Gadar na farko ya iso mana a zamanin kaset da faifai da gidan kallon unguwa, lokacin da ba a fara fassara ba, sai dai wanda ya riga kowa gani ya zauna a gefe yana faɗa wa mutane abin da zai faru. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar a lokacin yanzu magidanci ne mai iyali. In ya ji an ce Tara Singh ya dawo, ba Tara kaɗai yake tunawa ba. Yana tuna benci, da abokan da suka watse, da wanda ya rasu a cikinsu.

Saboda haka ba na cikin masu yi wa kewar da dariya. Mutum ya so komawa inda ya taɓa jin daɗi ba wauta ba ce, kuma mai sharhin da yake ganin miliyoyin mutane duk an yi musu rufa-ido shi kaɗai ne idonsa biyu, ya kamata ya sake duba kansa. Ƙorafina a wani wuri yake. Abin da Gadar 2 ya dawo da shi ba Gadar ba ne. An tsinci wuraren da aka fi yi wa tafi, aka zubar da abin da ya sa tafin ya yi ma'ana, kuma masoyan fim ɗin, su da ya kamata su fi kowa jin haushi, su ne suka tsaya suna kare aikin.

Sai an koma ga na farkon kafin a gane abin da nake nufi, domin na lura da yawa daga masu cewa sun haddace shi rabinsa suka riƙe.

Labarin ya fara ne a 1947, shekarar da Turawan Ingila suka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Mutane wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suna gudu yamma, Hindu da mabiya addinin Sikh suna gudu gabas. Waɗanda suka mutu, mafi ƙarancin ƙiyasi dubban ɗaruruwa ne, wasu masana tarihi kuma suna kai adadin miliyan ɗaya zuwa biyu. Jiragen ƙasa sun riƙa isa tasha cike da gawawwaki. A irin wannan jirgi aka kashe iyayen Tara Singh da 'yan'uwansa mata. Shi kuma ya ɗauki takobi ya shiga cikin masu far wa Musulmin da ke ƙoƙarin tserewa a tashar Amritsar da ke ɓangaren Indiya. A lura da kyau: jarumin fim ɗin, a farkon ganinmu da shi, mai kisan ramuwa ne. Hannunsa da jini. Abin da ya tsayar da shi shi ne ganin fuskar Sakina, yarinya Musulma 'yar masu hali da ya sani tun tana makaranta, lokacin da yake kai musu kaya a babbar motarsa. Ya kare ta daga mutanensa, ya ɓoye ta a gidansa, daga baya suka yi aure suka haifi ɗa, Jeete.

Shekaru bayan nan Sakina ta gano iyayenta da ta ɗauka sun mutu suna raye a Lahore ta Pakistan, mahaifinta Ashraf Ali ma shi ne magajin garin. Ta tafi ganinsu, suka riƙe ta, suka shirya aurar da ita ga wani. Tara ya tsallaka iyaka ba takarda, da ɗansa. A bainar jama'a surukin ya gindaya masa sharuɗɗa: ya musulunta, ya zauna a Pakistan. Ya amince. Aka ce ya yi wa Pakistan fatan ɗorewa, ya yi. Sai da aka ce ya la'anci ƙasarsa sannan ya ƙi, taron ya yo kansa, ya tumɓuke famfon tuƙa-tuƙa daga ƙasa ya shiga dukan mutane da shi.

Wannan famfo shi ne abin da duniya ta riƙe. Amma fim ɗin bai ƙare a nan ba. A ƙarshe harsashin Ashraf Ali ne ya sami 'yarsa ta cikinsa. Sai da ya ga Sakina kwance tsakanin rai da mutuwa, ya ga halin da mijinta da ɗanta suka shiga, sannan jikinsa ya yi sanyi, ya karɓi surukin da ya yi ta farauta. Labari ne na mutum biyu da ƙiyayya ta makantar, Tara a farko, Ashraf Ali a ƙarshe, kuma mace ɗaya ce ta dawo da kowannensu hayyacinsa. Cikakken sunan fim ɗin ma Gadar: Ek Prem Katha, wato labarin soyayya. Ya samo tushe daga rayuwar wani tsohon soja, Boota Singh, wanda ya auri wata Musulma mai suna Zainab da ya ceta a lokacin rikicin. Nasa labarin bai yi kyakkyawan ƙarshe ba: an mai da ita Pakistan, ya bi ta, ta ƙi komawa wurinsa saboda matsin danginta, ya faɗa gaban jirgin ƙasa kusa da Lahore a 1957.

Ba ina wanke na farkon ba ne. Shi ma yana da nasa cin fuskar, kuma tun a 2001 wasu ƙungiyoyin Musulmi a Indiya sun yi zanga-zanga a kansa. Amma akwai ciwo a ƙarƙashin hayaniyar. Lokacin da Tara ya tumɓuke famfo, mun riga mun ga abin da ya rasa, da abin da ya aikata, da irin sunkuyar da kan da ya yi don a ba shi matarsa. Ƙarfin da ya zo masa na wanda aka kai bango ne.

To me aka yi da wannan gado a 2023?

An kai labarin 1971, gab da yaƙin Indiya da Pakistan. Tara ya ɓace bayan wata arangama a kan iyaka, Jeete ya ɗauka an kama shi, ya shiga Pakistan nemansa, ya faɗa soyayya da wata yarinya mai suna Muskaan, aka kama shi, uban ya bi sawu. Tafiya ɗaya ce da ta farko, an dai musanya wanda za a ceto. Sakina, wadda a kanta komai ya tsayu a da, an bar ta a gida tana jira tana kuka. Ita ce mai dangi a can. Ita ce ta san ɗacin rabuwa ta ɓangarori biyu. In akwai wanda shekarun da suka shuɗe suka bar wa tabo, ita ce. Amma mai rubutun labarin bai ga abin da zai yi da ita ba sai waƙa da hawaye. Shi kansa Tara an ɗauke shi daga allo na dogon lokaci a rabin farko, aka ba Jeete fili. Utkarsh Sharma, wanda ya fito a yaron tun 2001 kuma ya dawo a matsayin saurayi, ɗan daraktan ne, Anil Sharma. Ba laifi ba ne uba ya so ɗansa, amma wanda ya biya kuɗi don ganin Tara ya dace ya tambayi kansa ko fim ɗin wa ya kalla.

Amrish Puri, wanda ya fito a Ashraf Ali, ya rasu a watan Janairun 2005, don haka dole a nemi sabon bos. Yadda aka yi shi ne ya fi damuna. Tun a buɗewar fim aka sanar da mu cewa an kashe Ashraf Ali saboda ya bar Tara ya tsira. Sulhun da aka ɗauki awa uku ana ginawa a na farko, a 'yan mintuna aka share shi, don a samu hanyar komawa faɗa. A madadinsa aka kawo Janar Hamid Iqbal, wanda Manish Wadhwa ya fito a matsayinsa, mutumin da mugunta ce kawai aikinsa daga fari har ƙarshe. Ashraf Ali uba ne, kana jin haushinsa kana kuma gane tsoronsa. Wannan kuwa an gina shi ne don a doke shi. Gaskiya ne akwai mutanen kirki 'yan Pakistan a fim ɗin, dangin Muskaan na cikinsu, amma aikinsu taimakon jarumi ne. Babu wanda zuciyarsa ta sauya a gaban idonmu, ko a can ko a nan.

Sai famfon. A wannan karon Tara bai ma taɓa shi ba. Kallonsa kawai ya yi, masu binsa suka ja da baya, sinima ta kaure da ihu. Na yarda akwai dabara a wurin, har da ban dariya. Amma a tsaya a yi tunani: wa ake yi wa magana a wannan fitowa? Ba mutanen cikin labarin ba. Mu ake ƙifta wa ido, mu da muka ga na 2001. Wanda bai taɓa kallon na farko ba, abin da zai gani shi ne dattijo yana zare wa bututun ruwa ido. Haka waƙoƙin. An dawo da Udd Jaa Kaale Kaava da Main Nikla Gaddi Leke, makaɗi Mithoon ya sabunta kiɗan, kuma su ne aka fi rerawa a bakin ƙofar fita. Uttam Singh, wanda ya tsara su tun asali, ya fito fili ya ce ko kiransa ba a yi ba kafin a yi amfani da aikinsa. Girmama jiya kenan.

Ɗumame abinci ne, wani lokaci ma ya fi sabon tuwo daɗi. Amma mai gidan abincin da ya zuba maka shi a farashin sabon girki, ya kuma tsame naman da ke cikin miyar jiya, ba karamci ya yi maka ba.

Akwai masu cewa ai duk kashi na biyu haka yake, musamman in an daɗe. Ba haka ba ne, kuma misalin yana kusa. Top Gun ya fito a Amurka a 1986, ci gabansa Top Gun: Maverick ya zo a 2022, tazarar shekara 36. Shi ma cike yake da tuna baya: babur ɗin, rigar fatar, kiɗan buɗewa, wasan bakin teku. Shi ma tallar rundunar soja ce, kada wani ya ruɗe mu. Amma shekarun sun ci wani abu a jikin mutanen ciki. Jarumin ya tsufa a muƙami ɗaya, sa'o'insa sun wuce shi, ana faɗa masa a fuska cewa zamanin irinsa ya kusa ƙarewa. Abokinsa da ya mutu a fim na farko ya bar ɗa, kuma yaron ya girma da riƙo a zuciyarsa. Ɗan wasa Val Kilmer na fim ɗin farko, wanda sankarar maƙogwaro ta cinye wa murya a zahiri, an kawo shi a yadda yake, yana rubuta magana a kwamfuta, ba a ɓoye ciwon ba. Mai kallo ya je neman ƙuruciyarsa, aka ba shi, aka kuma nuna masa cewa ta wuce. Fim ɗin ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi, don haka ba za a ce gaskiya tana korar kasuwa ba.

Tara Singh kuwa shekarun ba su karɓi komai a hannunsa ba. Ba ya haki, ba ya shakka, ba ya mafarkin tashar Amritsar. Mutumin da ya taɓa kashe bayin Allah a kan hanyar gudun hijira, ya zauna shekaru da mace daga cikin waɗannan mutane, ya haifi ɗa mai jinin ɓangarorin biyu, babu inda wannan nauyi ya bayyana a fuskarsa. An ƙara masa dai kayan duka: ƙafar amalanke, ƙatuwar guduma.

A nan ne maganar ta wuce ta nishaɗi. Kewa tana sassauta wa mutum hankali. In waƙar ƙuruciyarka tana tashi, ba ka cika tambayar abin da aka ɗora a kanta ba. Indiya ta 2023 ba ta 2001 ba ce. Musulmin ƙasar, da suka kusa miliyan 200, suna rayuwa a yanayin da kullum ake neman su tabbatar da biyayyarsu ga ƙasa, kuma fina-finan da ake jibgar Pakistan a cikinsu sun zama sana'a mai riba. An saki Gadar 2 kwana huɗu kafin bikin 'yancin kai na 15 ga Agusta, a lokacin da Sunny Deol yake ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gurdaspur a jam'iyyar BJP mai mulki. Ba na cewa duk wanda ya yi tafi mai ƙin Musulmi ne. Yawancinsu waƙa da Tara suka kai su. Abin da nake cewa shi ne, daga cikin abubuwa biyu da na farkon ya ƙunsa, ramuwa da sulhu, an zaɓi wanda za a raya, kuma zaɓin ya dace da iskar da ke kaɗawa. Mu da muke kallo daga nesa, a waya ko a fassarar Hausa da ke ƙara wa kowane naushi gishiri, ya kamata aƙalla mu san abin da muke yi wa shewa.

Kada kuma a ɗora wa masu shirya fim laifin duka. 'Yan kallo su ne suka koya musu darasin. Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ya yi fina-finan Star Wars, a 2012 a kan kusan dala biliyan 4, ya fito da sabon Star Wars a 2015 wanda ya bi sawun na 1977 kusan taku-taku, ya tara sama da dala biliyan 2, masoya suna gunagunin cewa kwafi ne. A 2017 darakta Rian Johnson ya gwada kauce wa tsohuwar hanya, ya nuna Luke Skywalker, jarumin fina-finan farko, a matsayin tsoho mai nadama da ya juya wa duniya baya. Wani ɓangare na masoya ya yi masa ca, har 'yar wasa Kelly Marie Tran ta goge hotunanta a Instagram saboda zagi. Kamfanin ya tsorata. A 2019 aka tono Palpatine, bos ɗin da ya mutu tun fim ɗin 1983, aka dawo da shi ba wani gamsasshen bayani. Waɗanda suka ce an maimaita, da waɗanda suka ce an ɓata musu ƙuruciya, sau da yawa mutane ɗaya ne. Furodusa yana kallon wannan, ya lissafa kuɗinsa, ya ga wanne ne ya fi sauƙin haɗari.

Hujjar da masu kare Gadar 2 suka fi dogara da ita ita ce kuɗin da ya tara, wai jama'a sun yi alƙalanci. Kuɗin ya tabbatar da abu ɗaya: mutane sun so Gadar na 2001 sosai. Tikitin da aka saya a 2023 ladan aikin da aka yi shekara 22 baya ne, kuma masu fim ɗin sun san haka, shi ya sa suka sake haska tsohon a sinimomi a watan Yuni, wata biyu kafin sabon, don a tayar da tsumi. Gwajin gaskiya mai sauƙi ne. A nemi wanda ya fi kowa kare sabon fim ɗin, a ce ya kawo fitowa ɗaya ko waƙa ɗaya da yake jin za a riƙa tunawa nan da shekara ashirin, wadda ba aro aka yi daga na farko ba. Na farkon ya fito rana ɗaya da Lagaan na Aamir Khan, 15 ga Yunin 2001, ba shi da wani tsohon suna da zai jingina da shi, ya tsaya da ƙafarsa ya yi kasuwar da ta girgiza ƙasar. Da masu shirya shi a lokacin sun yi irin lissafin da aka yi a 2023, da babu famfon da za a zo ana kallo.

Da ni ne mai rubutun, Sakina ce za ta tsallaka iyakar. Macen da aka kashe wa uba saboda ya yafe wa mijinta, ga ɗanta a hannun waɗanda suka kashe shi, ga dangin da ta bari a Lahore: labari ne da ya isa a yi awa uku a kansa, a sa waƙoƙin duka biyu, Tara ma ya daki wanda zai daka. Ba a yi shi ba don ba a buƙace shi ba. An rufe fim ɗin da alamar cewa akwai ci gaba, kuma a 2024 aka sanar da Border 2, ci gaban wani fim ɗin yaƙi da Pakistan da Sunny Deol ya yi tun 1997.